Lado da Gaisuwar 'Yan Landiroba

A unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya, ba a cewa an ga Lado ya dawo, sai dai a ce an ji shi. Tun motarsa na Ƙofar Tukur-Tukur ake jin tarinta, sai ƙarar ƙofar baya da aka ɗaure da waya, sai muryar shi kansa yana yi wa awaki faɗa. Landiroba ce shuɗiya da ya samu a gwanjo, da safayar taya zaune a kan bonet kamar an aza mata gammo. Goggo yake kiranta, kuma duk wanda ya ce mata akwala sai ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Gidansu Lado gidan ɗinkin babbar riga ne. Uba da kakanni duk a zaure suka tsufa, allura a hannu, kai a sunkuye. Shi kuwa tun yana ƙarami ba shi da gindin zama. Mahaifinsa ya gwada shi har ya gaji, ya ce allura ba ta shiri da mai ƙaiƙayin ƙafa, ya je ya nemi abin da ke gudu. Ya nema ya samu. Aikinsa shi ne ƙauyukan bayan Kufena: ya kai gishiri da kananzir, ya kwaso barkono da dawa da masu su, wani lokaci har da mai naƙuda a tsakanin buhuna. In damina ta yi nisa, hanyar ta zama kunu, ba motar da ke shiga sai irin tasa.

Masu irin wannan mota suna da al'adarsu. In biyu suka haɗu, kowa zai ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari ba tare da ya sake shi ba. Ba oda, ba tsayawa. Ba a yi wa mai Fijo, ba a yi wa mai roka, ko da ubanka ne a ciki. Lado yakan ce ma'anarta ita ce: na gan ka, in ka kafe ina nan. Wanda ka ɗaga wa yatsu ba ka wuce shi a cikin taɓo, ko da liman na jiranka.

Cikin duk masu ɗaga masa yatsu, akwai wanda ya fi zauna masa a rai. Wani dattijo ne mai tabarau, a cikin koriyar Landiroba mai farin rufi, da suke haɗuwa da safe daidai inda kwalta ta ƙare a gefen Wusasa. Shekara da shekaru suna haka, ba su taɓa yin ko sallama ba. Lado bai san sunansa ba, Mai Kore yake ce masa. In ya dawo gida yakan gaya wa matarsa Tani cewa yau Mai Kore ya yi aski, ko yau kamar mura na damunsa. Ita kuma ta ce Allah ya bar zumunci, ta tambaya ko aminin nasa yana da baki kuwa.

Sai aka shiga shekarun da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Giyabos ɗin Goggo ya fara kuka, ya koma gurnani, ran nan ya yi shiru a bakin ganuwa. Aka turo ta ƙofar gida ta kwanta, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Lado ba zai iya zama ba, ga kuma baki a gida, sai ya karɓi tuƙin farar a-kori-kura ta wani Alhaji Sani mai sayar da fulawa.

Safiyar farko da ya hango koriyar motar tafe, yatsunsa suka tashi da kansu. Dattijon ya wuce, idonsa a kan hanya. Lado ya ce wataƙila rana ce ta haske masa gilashi. Washegari ya ɗaga hannu gaba ɗaya. Shiru. Da ya haɗa da oda da fitila, sai Mai Kore ya raɓe gefe ya ba shi hanya, kamar yadda ake yi wa direban da birki ya ƙwace wa.

Daga nan Lado ya rasa sukuni. Tuwo ya kai loma biyu ya ture. Ya fita zaure, ya dawo tsakar gida, ya zagaya Goggo ya kori kaji, ya sake fita. A majalisar mai shayi ya kai ƙara, kowa ya kawo nasa. Wani ya ce tsufa ne, ido ya tafi. Wani ya rage murya ya ce ai ka san yadda gari ya yi tsami bana tsakaninmu da Kiristocin Wusasa, kowa ya kama nasa. Lado ya ce ƙarya ne, ya tashi bai shanye shayin ba, amma maganar ta bi shi har gida.

Tani ce ta faɗi wadda ta fi zafi, tana tsince shinkafa ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, ni dai gani nake tun farko Goggo yake gaisarwa, ba kai ba."

Wannan ta hana shi sakat fiye da ta majalisa. In gaba ce, ai an san da kai ake yi. Amma a ce shekarun nan duka ƙarfe ke gaida ƙarfe, shi yana ciki kamar buhun dawa?

Dabarar da ta zo masa ita ce ya kwance safayar tayar Goggo ya ɗaure ta da igiya a kan bonet ɗin a-kori-kura, ko alamar za ta yi magana. Da suka haɗu, Mai Kore ya kalli tayar, ya girgiza kai yana dariya, ya wuce. Bonet kuwa ya lotsa. Alhaji Sani ya tambaye shi ko motar ce ta ce tana son ɗan kwali, ya ce in ya ƙara sai ya ajiye makulli.

Ranar Asabar Lado ya sa rigarsa ta Juma'a ya taka da ƙafa zuwa Wusasa. Bai san sunan da zai tambaya ba, sai ya riƙa cewa gidan mai koriyar Landiroba. Nan da nan aka ce ai Malam Yona ne, tsohon malamin makaranta da ya koma noma, ga gidan can mai bishiyar gwaba. Ya tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Ya yi sallama, ƙafafun suka amsa, mai su ya fito da baƙin mai har goshi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, dattijon yana ta kallonsa irin kallon wanda bai gane fuskar ba. Lado ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya riƙe iska kamar sitiyari ya ɗaga yatsu biyu.

Malam Yona ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mai Shuɗiya? Kai ne? Bawan Allah, ai na ɗauka ka mutu."

Ya ƙwala wa matarsa Edna kira ta zo ta ga mutumin da suka sa a addu'a. Ya ce har garejin Tudun Wada ya je yana cigiya, bakanike ya tambaye shi suna, ya ce shuɗiya ce mai ƙofar waya, aka yi masa dariya. Lado ya ce ai kullum suna haɗuwa, shi ne a farar a-kori-kura.

"Kai ne mahaukacin nan mai taya? Na gaya wa Edna akwai wani direba da ya sa ni gaba, ban san abin da na yi masa ba."

Lado ya tambaya, to yanzu da ya gane shi, gobe zai ɗaga? Malam Yona ya ce gaskiya ba zai yi alkawari ba, farar a-kori-kura ta fi kuda yawa a Zariya, in ya fara hannunsa zai tsinke, kuma idonsa ba ya rabe fuska ta gilashi. Sannan ya tambayi inda shuɗiyar take. Da ya ji tana kwance tun kafin ruwa ya sauka, ransa ya ɓaci sosai.

"Ka kafe, ba ka aiko ba? To yatsun da muke ɗagawa na ado ne, Malam?"

Bai ko wanke hannu ba ya jefa sarƙa a bayan mota. Koriyar Landiroba ta kutsa lungunan Kusfa tana gogar katanga, 'yan majalisar mai shayi suka miƙe suna kallo. Tani ta leƙo ta ce ashe dai aminin nasa yana da baki. Aka kwashe ƙwai, aka hura tayoyi, aka ɗaura sarƙa. Malam Yona ya ce akwai wani bakanike a Wusasa da ke da gawar irinta a bayan gida, wataƙila giyabos ɗin ya yi, wataƙila kuma bai yi ba.

Lado ya shiga ya kama sitiyarin Goggo. Ba tari, ba gurnani, sai ƙarar sarƙa da ƙofar baya. Ƙafarsa na ta neman totur da ba ya amsawa. Sun fito ƙofar gari ke nan sai ga wata Landiroba ruwan ƙasa tafe, shaƙe da buhunan gawayi, direban da bai taɓa gani ba. Mutumin ya ɗaga wa ta gaba yatsu biyu. Da ya zo daidai ta baya, ya sake ɗagawa.

Lado ya mayar masa, har ya kusa mantawa da birki ya hau bayan motar Malam Yona.