Ƙwaron da Ke Cikin Dutsen Kaka

Wata Laraba ce, cikin daminar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ina hutu a Djougou wurin kakata. Ina tsakar gida ina ɓare mata gyaɗa, rabi a ƙwarya rabi a bakina, sai ta kwance dutsen wuyanta za ta shiga wanka. Da yake hannuna ba ya zama, na ɗaga shi a rana. Launin zuma ne da shi, ba nauyi, ga kuma wani ɗan ƙwaro a ciki da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ƙafafunsa na baya a tanƙwashe kamar yanzu zai yi tsalle. Na juya dutsen ta ko'ina, ban ga inda ya shiga ba. Gabana ya faɗi.

Kaka ta ce gado ne daga kakanninta fataken goro, ƙaron itace ne da ya daskare ya zama dutse. Don ta ba ni dariya ta goga shi a zanenta, ta kai shi kusa da jan ɓawon gyaɗa, ɓawon ya tashi ya manne. Haka fatake ke gane na gaske, in ji ta. Ni dai ban yi dariya ba. Matan maƙwabta da suka shigo jan ruwa a rijiyarmu su ma kallon juna suka yi.

Duk yaron unguwa ya sha jin cewa maye kan kama kurwar mutum, ta zama ƙwaro, ya ɓoye ta. A makon nan kuwa zazzaɓi ya kwantar da Sani, ɗan maƙwabciyarmu Ladi, wanda muke kamun fara tare a bayan gida. Magana ta fara yawo, wai kurwarsa ce a cikin dutsen Kaka. Masu sayen kokon Kaka suka ɗauke ƙafa. Tsoro biyu ya haɗe mini: kada Sani ya mutu, kada kuma maganar ta zama gaskiya. In ta miƙo mini tuwo, wuyanta nake kallo.

Wata safiya Ladi ta shigo da Sani a kafaɗa, mata na biye, ta shimfiɗe shi kusa da turmi. Al'adar ita ce wadda ake zargi ta tsallake marar lafiya, kurwarsa ta koma. Ladi tana kuka ta ce wa Kaka, "Iya, don Allah ki tsallake shi." Kaka ta dube ta, ta ce, "Ni na yanke masa cibiya, Ladi." Ta tattare zane ta tsallake, ta ce a wuce da shi wurin likita yanzun nan.

Aka yi masa allura, Sani ya miƙe. Na yi ta tsalle don murna, ban san warkewarsa ce ta gama da Kaka ba. Unguwa ta ce ai ga shi nan, ta saki kurwar. Kafin a koma lakwal Baba ya zo ya kwaso ta zuwa gidanmu na Zongon Parakou. Ba ta sake taka Djougou ba, ba ta sake ɗaura dutsen ba.

Yanzu yana hannuna. Ɗiyata mai karatun kimiyya ta ce dangin ƙwarin nan ne masu tsalle a ganye suna tsotsar ruwansa, kuma irinsa ya ƙare tun duniya ba ta san mutum ba. Yaran yau hotonsa suke ɗauka da waya, babu mai tsoro. Ni kuwa in na ɗaga shi a rana, ƙafar Kaka nake gani a saman Sani, a tanƙwashe kafin ta sauka.