Iskar da Inna Ta Sha

Shekara goma sha tara Baba Direba ya yi yana jan motar gidan nan, bai taɓa ƙwarzanar mota ba. Duk ranar da ya je gidan mai sai ya karɓo rasit. Da fetur ya yi tashin gwauron zabo, maigida ya kafa doka: in ba shi ne a cikin mota ba, kada a kuskura a kunna esi, na'urar sanyaya mota.

Baba Direba bai yi musu ba, ya san aikinsa. A kan buɗaɗɗen titi esi ba ya cin mai sosai, amma in mota ta tsaya a cunkoso inji na ta aiki, sai ka ga allurar mai tana sauka kamar ana jan ta da hannu.

Sai ciwon ƙoda ya kama Inna, mahaifiyar maigida. Sau uku a mako ake kai ta asibiti wankin ƙoda, hanyar kuwa ta gefen kasuwa take bi. Wata rana da tsakar rana suka maƙale a bayan wata tirela, hayaƙi na shigowa ta taga, tsohuwa na haki, gumi ya jiƙa mata mayafi.

"Ɗan nan," in ji ta, "taimaka mini da iskar nan. Numfashina zai ɗauke."

Ya ɗaga gilashi ya kunna. Ta lumshe ido ta yi ta sa masa albarka, sannan ta ce kada ya gaya wa ɗanta. Haka suka ci gaba wata huɗu. Tankin da ke kai mako ya koma ƙarewa a kwana biyar.

Ranar da maigida ya kira shi falo, a gaban maigadi da mai dafa abinci ya ce, "Ina tiyon da kake zuƙe mini mai?"

"Yallaɓai, wallahi esi ne. Inna nake kunna wa, ga ta nan a tambaye ta."

Inna tana zaune a kan kujera, hannunta da filasta. Ta dubi ɗanta, wanda shi ke ɗauke da kuɗin asibitinta, sannan ta mai da ido ƙasa.

"Ni me na sani a mota?" in ji ta a hankali.

Baba Direba ya ajiye makulli a kan tebur ya fita.

Labari ya riga shi isa ko'ina. Gida uku ya nemi aiki, kowanne sai a ce za a neme shi. Yanzu wata tsohuwar bas yake ja ta ɗaukar bulo, ƙofarta ɗaure da waya. Abokan aikinsa Mai Tiyo suke kiransa, da wasa, shi kuma yana amsawa.

Da Inna ta rasu matar Baba Direba ta ce ya kamata ya je gaisuwa. Ya yi wanka, ya sa riga, ya zauna a bakin gado har rana ta yi sanyi, sannan ya tuɓe rigar ya rataye.