Magen da Ta Ɓuya a Rumbun Jaji

Duk zaman da Sa'a ta yi da mijinta Jaji a Hawandawaki, ba ta taɓa leƙa rumbunsa ba. A garinmu mace ba ta leƙa rumbun miji. Shi ke hawa ya fiddo damin hatsi, ita ta sussuka. Sa'a mafaɗaciya ce, ko akuya ta taɓa mata tukunya sai unguwa ta ji, amma wannan al'ada ba ta taɓa ƙetare ta ba.

Jaji yana da wata mage mai tsoron mutane, shi kaɗai take yarda ya taɓa ta. Ranar da aka kai shi makwancinsa, magen ta ɓace. Bayan sadakar uku, da hantsi, Sa'a ta ji kukanta a cikin rumbu.

Ta jingina tsani ta hau, ta buɗe ɗan bakin rumbun, ta tarar ciki duhu ƙirin. Ta kunna fitilar salula, sai ta tuna haske mai ƙarfi zai firgita dabbar. Ta rufe shi da bakin mayafinta, ta haska a hankali.

Magen tana kwance can ƙasa bisa tsohuwar hular Jaji. Hatsin da ya rage a gefenta bai kai abin faɗa ba, ga kaka da sauran nisa.

Nan Sa'a ta tuna yadda tun bazara Jaji yake ture kwanon tuwo, ya ce ya ci a kasuwa, ita kuwa ta yi ta yi masa masifa wai ya raina girkinta.

Ta kashe fitilar. Magen ba ta fito ba, ita ma ta kasa saukowa.