Motar da Jaye ya jira ta saba

"Har yanzu tana can?"

"Ina za ta? Tana gindin bedi, kaji sun samu inuwa."

"Sabuwa fa, da ledarta a kujeru! Ni da idona na ga ranar da ya shigo da ita Gangara."

"To ai Bahillace ne. Wai jira ya yi ta saba da ruwan garinmu."

"Kai, ji tsoron Allah!"

"Wallahi da bakinsa ya faɗa. Tambayi mai shayi."

Jaye yana bayan zanar rumfar mai shayi yana alwala, babu abin da bai ji ba. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa ta hagu, ya ajiye buta, ya zagaya ta baya don kada su gan shi su ji kunya. Abin da ya fi yi masa zafi shi ne ba ƙarya suka yi masa ba.

A ruga aka haifi Jaye, gabas da Gangara, lokacin da burtali ke da faɗin da garke biyu za su gitta ba su gogi juna ba. Ya girma yana kallon gonaki suna matse shi shekara bayan shekara. Da mahaifinsa ya rasu aka raba shanu, sai ya bar nasa a hannun ɗan'uwan mahaifiyarsa, Kawu Ilyasu, ya shigo gari ya koyi tuƙi. Shekara goma sha huɗu yana jan motocin mutane tsakanin Gangara da Gazawa da Agye, duk tsofaffi ne ƴan Kwatano, waɗanda sai an tura suke tashi. An san shi da abu biyu a tasha: ba ya gudu, ba ya kuma ɗaga murya. Ko fasinja ya zage shi, "Allah ya ba ka haƙuri" ce amsarsa.

Burinsa ɗaya ne, ya ja motar da babu hannun da ya riga nasa a sitiyarinta. Da kakar bara waccan ya je ruga ya ce zai sayar da shanunsa, duka. Kawu Ilyasu ya ce, "Naka ne." Ya dai ƙi raka su kasuwa.

A wani gidan sayar da motoci a Maraɗi Jaye ya zaɓi farar akori-kura. Ya zagaya ta sau uku, ya durƙusa ya leƙa cikinta, ya bubbuga tayoyi, kamar yadda zai duba haƙoran karsana da hantsarta. Ya tafa hannu da shef, wato shugaban gidan, aka ce Allah ya sa albarka. Wata ma'aikaciya mai suna Fadila ta miƙa masa makullai da wani ƙaramin littafi da Faransanci.

"Baba, wannan karne ne na garanti. In ta yi kilomita dubu ka kawo mana ita mu duba, mu buga maka kashe, wato hatiminmu. Ko wani abu ka ji, ka zo."

"To, to, in sha Allahu," in ji Jaye.

Ya ɗauki maganar irin ta sallamar baƙo ce, kamar a ce maka ka riƙa leƙo mu. Littafin kuwa ya ba matarsa Habsatu ta adana a ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara.

Kwana tara da zuwanta motar ta fara. In ya hau gangaren da ke bayan fadama, giya ta uku sai ta fice da kanta, a ji wani kuka daga ƙasa kamar ana niƙa a dutse. Ƙofar gefen fasinja sai an sa kafaɗa take rufuwa. Da aka yi ruwan farko, sai ga ɗigo ta gefen gilashi daidai gwiwarsa.

"Malam, ka mai da musu abarsu," in ji Habsatu. "Sabon kwano ma in yana yoyo ai ana mayarwa."

"Kwano ke nan. Wannan baƙuwa ce, Habsatu. Ba ta san ƙasar ba."

Da gaske yake, ba raha ba. Abin da ya tashi ya gani ke nan. In ka sayo saniya daga kasuwar Gidan Rumji ko Cadakori, sai ta zo ta ƙi ruwa, ta janye nono, ta wuni tana kuka tana fuskantar inda ta fito. Makiyayi ba ya komawa wurin mai ita. Ya ba ta kanwa, ya ɗaure ta kusa da shi, ya yi mata magana, cikin wata guda sai ta kwanta. Kuma wanda ya duba dabba da idonsa, ya tafa hannu, sannan ya dawo yana cewa tana da aibi, kansa ya tona wa asiri: ya nuna bai iya dubawa ba, bai kuma iya riƙe magana ba. Mahaifinsa ya taɓa sayen bijimi mai ɓoyayyen ciwo, ya yanka shi ya raba wa maƙwabta, har ya mutu bai faɗi sunan wanda ya sayar masa ba.

Haka Jaye ya yi ta lallaɓa motar. Ya koyi riƙe sandar giya da hannun dama a duk gangare. Ya cusa tsumma a gefen gilashi. Da lokacin juyen mai ya yi, ya kai wa Shu'aibu makanike a nan Gangara, wanda ya saurari kukan ya girgiza kai.

"Jaye, wannan ba aikina ba ne. Daga can aka haɗa ta ba daidai ba. Koma Maraɗi tun da wuri."

"Bari dai ta ga damina ɗaya."

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Ranar kasuwar Agye, da buhunan wake a baya da mata huɗu a kansu, ta yi wata ƙara ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Da igiya aka ja ta har Maraɗi.

Sau shida Jaye ya je gidan motocin. Zuwan farko aka ce shef yana Yamai. Na biyu aka ce ya dawo amma yana taro. Na uku aka ce mai duba giya ba ya nan, a dawo Litinin. Lambar da suka ba shi in ya kira sai kiɗa ya yi ta tashi har kuɗin wayar su ƙare. Yakan zauna a benci tun hantsi, hularsa a gwiwa, yana kallon masu buga tebur suna shiga buro, wato ofishin shef, kafin shi. Wani ɗan kasuwa da ya gama zazzaga musu masifa ya tsaya a kansa ya ce, "Malam, a nan in ba ka yi ihu ba, sai su ɗauka inuwa ka zo sha." Jaye ya yi murmushi kawai.

A zuwa na shida Fadila ta kira shi gefe. Ta buɗe littafin da ya kawo, fes kamar ranar da ta ba shi, babu kashe ko ɗaya.

"Baba, yaushe ka fara jin kukan?"

"Kwana tara da saye."

Ta ajiye biro. "Kwana tara? To me ya hana ka zuwa?"

"Na ce ko za ta saba."

Ba ta yi dariya ba. Ta rage murya ta ce, "Irin naku guda bakwai suka zo tare, duk da wannan ciwon. Waɗanda suka kawo da wuri, akwatin giyar gaba ɗaya aka canja musu, ba su biya komai ba. Kai ka wuce kilomita dubu goma sha ɗaya, ba mu taɓa ganinta ba, an kuma juye mata mai a waje. Na kai maganarka sau biyu, shef ya ce garanti ya faɗi."

"Tun da kun san da ciwon, ƴata, me ya sa ba ku aiko ba?"

Fadila ta dubi ƙofar buron, ta dubi littafin. "Ya kamata a aika," in ji ta.

Wannan tambayar ita ce iyakar faɗan da Jaye ya yi. Gyaran da suka ce zai yi da kansa ya fi ƙarfinsa nesa, kayan ma sai an yi odarsu daga waje. Ya sake ɗaura mata igiya, aka jawo ta gida. Wata takwas ke nan tana gindin bedi. Yana samun tuƙin kwana ɗaya ko biyu in wani direba ya yi rashin lafiya. Habsatu ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, sai dai ta koma saro nono a wurin matan da a da su ke saye a hannunta.

Washegarin ranar da ya ji hirar rumfar mai shayi, ya kama hanyar ruga da ƙafa. Akwai al'adar da Fulani ke kira habbanaye: wanda ya rasa dabbobinsa a ba shi aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar. Ana yi wa wanda fari ya cinye wa garke, ko ciwo, ko ɓarayi. Jaye bai taɓa jin an yi wa wanda ya kora nasa kasuwa da ƙafarsa ba.

Ya tarar da Kawu Ilyasu yana kwance maruƙa. Suka gaisa, suka tambayi gida da yara da ruwa da ciyawa, suka sake gaisawa. Tsohon bai tambayi mota ba. Jaye ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a kan turɓaya, ya cire hula.

"Kawu, ban zo da hujja ba. Na yi wauta, na kuma sani. Ka ara mini karsana ɗaya, ko wadda ta fi rama ce, in sake farawa."