Ɗakin da Mai Makulli Ya Hana a Gani

Duk wanda ya taɓa kai wa Mai Makulli aiki ya san sai ya sha tambaya kafin a kunna inji. Makullin wace ƙofa ne? Taka ce? To ina ɗayan ya shiga? In kuwa ka zo da shatin makulli a jikin sabulu, ko kallonka ba zai sake yi ba, sai dai ka ji ya ce injin ya lalace. Rumfarsa 'yar ƙarama ce a bakin tasha, tsakanin mai facin taya da mai gyaran waya. A wurin ubansa ya gaje ta, tare da halin nan na ganin ɓarawo a fuskar kowa. 'Yan tasha har suna suka laƙaba masa, Wa-Ya-Aiko-Ka, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da 'yan tasha ba su sani ba, mutumin nan firist yake so ya zama, wato limamin cocin Katolika da ba ya aure. Tun yana ƙarami yana taimakon Fada, firist ɗin cocinsu, a bagadi abin ya shiga ransa. Ya danne, ya koyi sana'a, ya binne uba, ya aurar da ƙanwa, abu dai ya ƙi fita. Da ya haura talatin ya gaji da gudu, ya je ya sami Fada bayan ibadar Mas ta safe ya faɗa masa, yana magana yana waige kamar mai sayar da kayan sata.

Fada ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: "Akwai wanda ya dogara da kai a gida?"

"Babu, Fada. Mama tana wurin ƙanwata."

Ƙarya ce tsagwaronta. Mama tana nan ɗakin ciki, kuma hankalinta ya soma tafiya tun bayan rasuwar mijinta. Wata rana ta gane shi, wata rana ta ɗauke shi mai karɓar kuɗin wuta. An taɓa tsinto ta a tsakiyar titi da takalmi ƙafa ɗaya, wai za ta ɗauko shi daga makaranta. Tun daga ranar, in zai fita sai ya yi mata wanka, ya ajiye abinci da ruwa da bokiti, ya cire ashana da wuƙa, ya datse ƙofa da kwaɗon da ya fi kowanne kyau a rumfarsa. Ƙanwar tana wani gari da yara cike da ɗaki, kullum maganarta ɗaya, a bari a ga yadda hali zai yi. Shi kuma ya sani sarai, ranar da Fada ya ji wannan labari, maganar seminari, makarantar horar da firistoci, ta mutu, don ba wanda zai tura sunansa wurin Bishop ya bar tsohuwa a kulle.

Fada ya ce akwai wasu maza uku da ke auna irin wannan kira, suna haɗuwa ran Lahadi da yamma, ya shiga cikinsu. Tsarinsu shi ne kowane mako a gidan mutum ɗaya ake zama, don wai ba ka san mutum ba sai ka ga inda yake kwana. Fada kuma ba ya zuwa, don su saki jiki. Wannan ne ma ya fi tayar wa Mai Makulli da hankali. In Fada ba ya zuwa, ai ke nan yana da kunne a ciki. Saura a gane wane ne.

Ya fara zargin Malam, mai koyar da lissafi a sakandare, don shi ne mai yawan "me ka ji a ranka da aka karanta wannan ayar?" Ina ruwanka da raina? Daga baya ya koma kan Nas, wanda ke aiki a asibiti, mutum mai shiru da idon lura. Nas ya taɓa shiga seminari aka ce ya koma gida ya ƙara tunani, to wa ya fi shi buƙatar ya gyara zamansa da Fada? Direba ne kaɗai ya ɗan tsira da farko saboda surutu, amma da Mai Makulli ya zauna ya yi nazari, sai ya tuna ɓarayin da suka fi iya fasa gida duk masu fara'a ne.

Su kuwa bayin Allah sai zuba cikinsu suke yi. Direba ya ce akwai yarinyar da ke jiransa, har yau ya kasa buɗe baki ya gaya mata, in ya hango ta sai ya canza hanya da fasinja a mota. Malam ya ce shi ba rashin mace yake tsoro ba, tsufa shi kaɗai yake tsoro. Nas ya ce akwai watannin da yake durƙusawa ya yi addu'a bai ji komai ba, kamar yana magana da bango. Wannan ta taɓa Mai Makulli ƙwarai, don shi ma haka yake, kuma bai taɓa zaton akwai wani ba. Har ya buɗe baki, sai ya kama kansa. Tarko ne. A zuba maka kaɗan don ka zuba da yawa.

"Kai fa, ɗan'uwa?" in ji Malam.

"Ni lafiya lau."

"Kullum lafiya lau," Direba ya ce yana dariya. "Wannan ai ba seminari ya kamata a kai shi ba, a sa shi cikin tsarkaka kai tsaye."

Amma duk da haka bai fasa zuwa ba. Ya gaya wa kansa yana zuwa ne don ya sa musu ido. Gaskiyar ita ce a mako kaf, wannan zaman ne kawai yake jira. Yana son yadda suke gardama kan wa zai ja addu'a, da yadda Direba ke kwaikwayon katikis mai koyar da addini a cocinsu, da yadda ba wanda ya taɓa yi masa dariya don yana son abin da yake so.

Sai layi ya zo kansa. Ya ce ana fenti. Da ya sake zagayowa ya ce mai gida ya hana baƙi. Na gaba ya ce rufi na yoyo, Direba ya leƙa sama ya ce, "Ikon Allah, gidanka kaɗai ake ruwa?" Ana cikin haka ya ci karo da Nas a kantin magani, Nas ya kalli ledar hannunsa ya ce, "Wa ke shan wannan a gidanku? Na tsofaffi ne ai." Mai Makulli ya ce aike ne. Ya koma rumfa a ruɗe, har ya ɓata makullin wata mata, abin da bai taɓa yi ba. Shi ke nan, ya gano kunnen Fada. Kwana da kwanaki yana jiran kira daga ofishin coci, ko gaisuwar Fada sai ya juya ta ya duba bayanta.

Da layi ya sake zuwa kansa, dabara ta ƙare, sai ya aika musu cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, a ɗage zama. Kai, wayo ma yana da ranar hutu! Mutum ya rasa wa zai ce wa ba shi da lafiya sai ma'aikacin asibiti da maza biyu da ke koyon ziyarar marasa lafiya. Shi kuwa hankali kwance ya kulle Mama ya tafi rumfa ya ƙarasa wani aiki.

Da ya dawo da yamma, tun daga bakin lungu ya hango motar Direba. Ya lallaɓo ta jikin katanga ya leƙa. Su ukun suna tsugune a ƙarƙashin tagar ɗakin ciki, ledar lemo a gefe. Mama ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafan taga, Nas na riƙe da shi. Ba rubutu suke yi ba, ba waya suke bugawa ba, sauraro kawai suke.

"Wani mutum ne yake rufe ni," Mama ke ce musu. "Ba mugu ba ne, yana ba ni abinci. Amma don Allah in kun ga ɗana ku gaya masa. Shi ya san aikin makulli, ba ƙofar da take gagararsa. Da ya sani da tuni ya zo."

Mai Makulli ya kasa ci gaba da laɓewa. Ya fito daga bayan katanga, cike da kunya da fushi, abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Fada ne ya turo ku?"

"Kai ka turo mu," in ji Malam. "Ka ce ba ka da lafiya."

"To wa zai kai masa labari a cikinku? Ku faɗa mini a fuskata."

Nas bai saki hannun Mama ba. "Na zaci akwai wani abu tun ranar kantin magani. Ka ji wani ya kira ka? Ba aikinmu ba ne, ɗan'uwa. Kai za ka faɗa masa."

"In na faɗa zai ce in jira."

"Zai iya cewa haka," Nas ya ce, bai sassauta ba. "Ni ma an ce mini, ban mutu ba. Amma ba za ka shiga can ka bar wannan ƙofar haka ba, kai ma ka sani."

Direba ya share ido da bayan hannu ya ce shi ba ya lodi da safe ran Talata, Malam ya ce yana tashi makaranta da wuri, su zauna da ita har ɗan'uwansu ya je wurin Fada ya dawo. Mai Makulli ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ƙullin yake, ya rasa. Ya zaro makulli, Malam ya riƙe masa kwaɗon, ya buɗe.

Mama ta fito tana kare ido daga haske. Ta kalli fuskarsa da kyau, ta dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah," ta ce. "Uwarka ta yi sa'ar ɗa."

Ya tsuguna nan bakin ƙofa ya rufe fuska yana kuka a gabansu, bai waiga ya ga wa ke kallo ba. Da ya samu murya sai ya ce wa Direba ya zo da wuri ran Talata, don Fada ba ya daɗewa a ofis bayan Mas.