Malam Dallatu da Malmalar Tuwo

Malam Dallatu ɗan manomi ne daga wani ƙauye a gefen Tofa, kuma shi kaɗai ne a makarantarmu ta kwana ya iya koyar da kalkulas, lissafin nan na 'yan ajin ƙarshe mai auna yadda abu yake canjawa. Mu goma sha ɗaya muka ɗauki darasin, yawancinmu don dai a ce muna da ƙwaƙwalwa. Malam Dallatu gajere ne, yana da keke wanda ba shi da birki sai ƙafar Malam.

A shekarun tsuke bakin aljihu, bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da uku, littafi ɗaya muke da shi a ajin, alli kuwa sai an karya shi uku. Ranar da ya zo koya mana yadda adadi yake ta kusantar sifili ba tare da ya kai ba, muka yi masa zuru. Sai ya sa aka ɗauko malmalar tuwon rana daga kicin. Ya auna ta da rula, ya tambaye mu girmanta a zangon farko da na biyu, ya ja layi a allo yana gangarowa.

"Tuwonku zai yi ta ƙanƙancewa," in ji shi, "amma ba zai ɓace ba, don dole a bar abin nuna wa sufeto."

Ranar kowa ya gane, har Basiru da ba ya zuwa aji sai don barci. Sai dai ba wanda ya goge allon, ga shi mai kula da kicin surukin shugaban makaranta ne. Shugaba ya kira Malam ofis, ya ce ya ci mutuncin hukuma. Malam ya roƙi a nuna masa layin da ya yi kuskure. Cikin sati biyu aka tura shi wata makaranta bayan Ɗanbatta, ya koya wa 'yan aji ɗaya tarawa da ɗebewa.

Bai shekara ba ya ajiye aikin ya koma gona. Matarsa Huseina ta ce kwana uku ya yi yana lissafin yadda zai kewaye awaki da kara kaɗan, har ta gaji ta kafa shingen da kanta.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Ɗanbatta ne, yana sayar da gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa ni injiniya ne yanzu. Ya jefo mini tambaya ɗaya daga darasin, na tsaya ina sosa ƙeya. Ya auna mini kwano biyu, ya hana ni gyara.