Ranar Da Baba Ya Riga Ni Hango Kumbon Kaya

Shekarun baya, kafin korona ta zo ta kulle duniya, na kawo mahaifina nan Dubai a yi masa aikin yanar ido. Ni na dage. Mahaifiyata ba ta so, ƙannena ma cewa suka yi a bar tsoho da ɗan ganin da ya rage masa, kada a je a taɓa a rasa gaba ɗaya. Ni kuwa da taurin kaina na ce sai an yi.

To an yi, likita ya ce komai ya tafi daidai, amma hankalina ya ƙi kwanciya, don kun san halin dattawanmu. Ka ce, "Baba ya idon?" sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka yake faɗa tun lokacin da ba ya bambance ni da ƙyauren ɗaki. A asibiti aka nuna masa haruffa a bango, ya ce shi bai yi boko ba, su ƙyale shi da wasan yara. Kuma bai daina dafa kafaɗata ba in za mu masallaci. Kullum mahaifiyata sai ta bugo daga Kano: "Yana gani ko ba ya gani? Ka faɗa mini gaskiya." Wallahi ni ma ban sani ba.

A lokacin ina aiki a wani sito a Jebel Ali, kullum lodin kwantena. Sai dai ina da wata cuta, wato son labarin sararin samaniya. Har ɗan sama jannati ake kirana a wurin aiki, ni da ko lifta ce ta ɗan girgiza sai na hau salati. Ana cikin haka manhajar wayata ta nuna cewa tashar nan da mutane ke zaune cikinta a sama za ta gifta ta kanmu bayan magariba, kuma kumbon kaya na biye da ita, zai kai musu abinci da ruwa da iskar shaƙa. Ita tashar tana da haske, kowa zai gani. Shi kumbon ɗan ɗigo ne dishi-dishi, sai an fita daga fitilun gari. Kai jama'a, ranar ko abincin rana ban iya ci ba don ɗoki!

Na kira abokina, wani ɗan Nijar mai shago a Al Ras da ke cakuɗa Hausa da Faransanci da Larabci, don shi ke da mota, na ce ya kai mu Hatta, wani gari cikin duwatsu a kan iyakar Oman. Ya ce, "Bon, har Hatta don kallon tauraro? Habibi, ka rasa aikin yi." Amma ya zo. Baba muka tafi da shi ne kawai don ba zan bar shi shi kaɗai a gida ba.

A hanya na cika su da bayani. Baba tsohon direban babbar mota ne, ƙuruciyarsa duk a hanyar Kano zuwa Legas ta ƙare, saboda haka wuri ɗaya ya kama.

"Kana nufin motar kaya ce, kuma babu direba?"

"Babu, Baba."

"Ko karen mota?"

"Babu kowa. Ita ke kai kanta har ta liƙe da tashar."

"To in ta iso wa zai taka birki?" Ya girgiza kai. "Kun kashe sana'a a ƙasa, kun bi ta har sama. Allah Ya kyauta."

Muka yi magariba kusa da madatsar ruwa, duwatsu sun kewaye mu, gari ya fara duhu. Can sai ga tashar ta ɓullo ta bayan dutse, fara tas, ba ƙyaftawa, tana tafiya a natse. Na daka tsalle ina "Ga ta nan! Ga ta nan!" kamar ni na ƙera ta. Sai na shiga neman kumbon. In kalli waya, in kalli sama, hasken wayar duk ya kashe mini ido. Na nema na rasa, ga tashar har ta kai tsakiyar sama. Raina ya fara ɓaci.

Sai na ji muryar Baba a hankali. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana.

"Kai wannan, na bayan can shi ne ɗan dakon naka?"

"Wanne, Baba?"

Ya kama hannuna ya ɗaga. "Ga shi can, ɗan mitsitsi. Ya bar tazara mai kyau kuwa, ko wa ya koya masa."

Na bi yatsan, sai ga shi, ɗigo kamar ƙwayar gero yana bin uwar tafiya. Na buɗe baki zan yi ihun murna, sai abokina ya dake ni a baya: "Voilà! Alhaji ya riga ka gani, khalas!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ihun da na yi, ina jin har Oman an ji shi. Na ce, "Baba, kana gani haka kake dafa ni?" Ya ce, "To ɗa ya miƙo kafaɗa sai in ƙi?" Nan take na kira mahaifiyata, ko sallama ban yi ba: "Yana gani! Wallahi yana gani!" Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, ƙato da ni.

Har yau in na ji an harba kumbon kaya sai ƙirjina ya buga don daɗi. Amma abin da ya fi zauna mini a rai a mota ya faru. Abokina ya kunna fitilar ciki yana neman makulli, sai na ga Baba ya tsura mini ido. Can ya miƙo hannu ya taɓa gemuna.

"Kai wannan," in ji shi, "yaushe ka yi furfura ban sani ba?"